Garin maganin kaji na Baban wajen Kara: abin da na gani daga bazara zuwa hunturu

Jama'a assalamu alaikum. Wata goma kenan ina ba kajina garin maganin nan na wani dattijo mai 'yar rumfa can wajen kasuwar Kara a nan Sakkwato, kuma maƙwabta sun ishe ni da tambaya wai shin da gaske yana aiki ko kuɗi kawai nake zubarwa, to yau dai na samu zama in faɗi abin da idona ya gani, mai daɗin da marar daɗin, don wallahi akwai duka biyu kuma marar daɗin ya ƙona min rai ba kaɗan ba.

Ni a unguwar Mabera nake, kajin Hausa nake kiwo a bayan ɗaki, ba gidan gona gare ni ba. Lokacin da na fara zuwa wajen Baba, a watan Maris, kaji 23 gare ni har da zakaru uku, sai zabi biyar. Wanda bai kiwo ba zai gane ba, amma kajin nan su ne asusuna. Kuɗin littafin yara, cefanen da ya kama ba shiri, baƙo ya sauka da dare, duk akurki nake nufa. Shi ya sa in kaza ɗaya ta yi lagwas ta sauke fukafukai ni ma ranar ba ni da sukuni.

Wata ƙawata ce ta yi min kwatancen wurin. Babu allo babu suna, rumfar kwano ce da buhuna jere a gaba, amma tun kafin ka iso warin tafarnuwa da citta zai tarbe ka. Na hau kabu-kabu daga gida, na sauka na yi ta tambayar mai maganin kaji har aka nuna min. Baba na zaune kan buzu da carbi, akwai wani saurayi da ke masa awo da ƙulli. Abin da ya fara burge ni, bai miƙo min leda ya ce kawo kuɗi ba. Sai da ya zaunar da ni kan benci ya ce, "Ɗiyata, kajin naki guda nawa ne, sake kike masu ko kulle suke, mi suke ci, ruwan rijiya kike ba su ko na famfo?" Har kalar kashinsu sai da ya tambaya. Na daɗe ina shiga shagunan maganin dabbobi, ba kasafai ake yi min irin wannan tambayar ba, galibi kana faɗin matsala an sauko maka da kwalba.

Na biyu kuma bai ɓoye abin da ke cikin garin ba. Kun san halin masu maganin gargajiya da yawa, sirrin kaka da kakanni ne, ba a tambaya. Shi ko buɗe buhunan ya yi ɗaya bayan ɗaya: ganyen zogala busasshe shi ne ya fi yawa, sai tafarnuwa, citta, kurkum, barkono, da 'yar habbatus sauda kaɗan. Ya ce tafarnuwar ta nan gida ce, ta fadamun Wurno da Goronyo, ita ko citta daga kudancin Kaduna ake kawo ta kamar yadda kowa ya sani. Zogalar a inuwa yake shanya ta, kuma da gani ka san gaskiya ne don garin kore ne shar, ba irin wanda rana ta dafe ya koma ruwan ƙasa ba. Ɓawon madaci da ganyen dogon yaro daban yake sayar da su, bai haɗawa cikin garin, ya ce madaci ɗaci gare shi, in ya yi yawa kaji ƙin shan ruwan za su yi, kuma kazar da ta ƙi ruwa a zafin Sakkwato ta gama yawo.

Na sayi gwangwanin madara uku a ranar. Yadda ya ce in yi: cokalin cin abinci biyu a tiya ɗaya ta dusa, a ɗan yayyafa ruwa a cuɗa don kar iska ta kwashe garin, sau uku a sati ba kullum ba. Tafarnuwar ruwa kuma ya ce ɗanya ta fi, a daddaka ƙwara biyu ko uku a bar ta ta ɗan huta sannan a zuba cikin ruwa kamar lita huɗu, a zubar da wanda ya kwana. Wannan maganar ta daddakawa gaskiya ce, don sinadarin tafarnuwa mai ƙarfin nan bai fitowa sai an farfasa ta, in ka jefa ta guda-guda cikin ruwa ado kawai ka yi.

To ga abin da na gani a bazara. Kowa ya san Afrilu da Mayu a garin nan, zafi ya haura digiri 40 kamar wasa, ita kuma kaza ba ta zufa, sai dai ta buɗe baki tana haki ta ware fukafukai, ci ya ragu, ƙwai ya ragu. Bara war haka na rasa kaji huɗu a sati biyu, haka kawai in tarar da su a miƙe da azahar. Bana ko ɗaya ban rasa ba a bazara. Amma in faɗi gaskiya ba garin kaɗai ba ne, don Baba ne da kansa ya ce in sa musu ruwa a kaskon ƙasa ba a roba ba, in canza sau uku a rana, in yi musu rumfar zana, kuma in riƙa ba su abinci da sassafe da yamma lis maimakon tsakar rana. Duk na yi. Abin da zan iya rantsewa a kansa game da garin shi ne ci. Ranar da na cuɗa dusa da shi ba sa barin ko ƙura a faranti, ranar da babu sai su yi ta tona suna watsarwa. Na ji tsoron barkonon da farko, ashe tsuntsaye ba sa jin yajin barkono yadda mu muke ji, suna ci hankali kwance.

Sai gwaiduwa. Kai jama'a! Cikin kamar sati uku gwaiduwar ƙwan ta koma rawaya mai duhu har tana neman ja, in ka fasa a kasko tana tsaye ba ta bajewa. Maigidana da bai cika lura da irin waɗannan abubuwa ba shi ya fara magana, ya ce wannan ƙwan na ina ne. Aikin zogala da barkono ne, launin da ke cikinsu shi ke sauka a gwaiduwa, kuma a rani da babu ɗanyar ciyawa da kaji za su tsattsaga, ganyen nan shi ke cike gurbin. Zankon zakarun ma ya yi ja wur. Akwai matar da ke sayen ƙwai wajena don yaranta, tun daga lokacin ba ta ƙara saye a shago ba.

Inda na fi jin daɗin kuɗina kuwa shi ne ƙwarƙwata da ƙuma. Duk mai kajin Hausa ya san bala'in nan, kaza na kwanci ƙwari su cika gurbin har ta gudu ta bar ƙwai, kai kanka in ka sa hannu sai ka ji suna bin ka har wuya. Kwana 21 kaza ke yi kan ƙwai, in ƙwari sun hana ta sukuni ta tashi a kwana na goma ka yi asarar ƙwan da kwanakin duka. Baba ya ba ni busasshen ganyen dogon yaro ya ce in shimfiɗa ƙarƙashin gurbin, in kuma haɗa dakakkensa da tokar murhu da rairayi a wani tsohon baho in ajiye a inuwa su riƙa birgima. Na share akurkin tas na ƙona tsohuwar shimfiɗar, na yi yadda ya ce. Kaji uku sunka yi kwanci bayan nan, duk sun zauna har sun ƙyanƙyashe. Shi dogon yaro ba sai kin saya ba ma, ga shi nan ko'ina a bakin titi, ni dai na saya ne karon farko, daga baya yara nake sa wa su tsinko min. Baba da kansa ya ce in daina ɓata kuɗi a kai.

Da damina ta sauka ne na ƙara ganin mutuncin dattijon. A watan Agusta ɗiyan kajina guda tara 'yan sati huɗu sunka fara takurewa waje ɗaya, gashi a tashe, kuma na ga jini a kashinsu. Na ruga wajensa da hoton kashin a waya. Yana gani ya girgiza kai ya ce, "Ɗiyata, wanga ba nawa ba ne, tashi ki tafi wurin likitan dabbobi yanzu, kar ki kwana." Ga buhuna a gabansa, da ya so da ya ƙulla min wani abu ya karɓi kuɗina, ba zan taɓa ganewa ba. Na je asibitin dabbobi, dokta ya ce cutar hanji ce da ake kira koksidiyosis, wadda ke yaɗuwa inda ƙasa ta jiƙe da kashi, ya rubuta min amfuroliyam na sa a ruwa kwana biyar, ya ce in daina barin gindin akurki da danshi. Biyu sun mutu, bakwai sun tashi. A ranar na ce wannan bawan Allah ya samu kwastoma.

Yanzu bari in zo ga abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ina fata wani da ya san shi ya isar masa, ko da yake na faɗa masa baki da baki.

Ƙullin leda ne kawai, babu rubutu, babu ranar da anka daka, babu yadda ake amfani. In ka manta abin da ya ce to sai ka sake hawa kabu-kabu. Ni a bayan kalanda na rubuta. Sannan a daminar nan akwai ƙullin da na kawo gida na tarar ya dunƙule yana warin fumfuna, na mayar, an canza min ba gardama, amma da ban shinshina ba fa? Abinci mai fumfuna guba ne ga kaji, yana lalata musu hanta, kuma mata da yawa yara suke aikowa, yaro ina ruwansa da wari. Awon ma bai da tsayayyen hali, in Baba ne ya auna gwangwani har da tozo, in yaron ne a shafe. Kuɗin kuma sau biyu yana tashi cikin wata goman nan, wannan kam ban zarge su ba don na san yadda citta ta yi tsada. Wani lokacin ina jin 'yar ƙasa-ƙasa a garin, alamar ba a tankaɗe da kyau ba. Duk waɗannan ƙanana ne, ana iya gyarawa.

Babbar ita ce ta hunturu. A ƙarshen Nuwamba na je sayayya ban tarar da Baba ba, an ce ya tafi ƙauye ta'aziyya, yaron ne kaɗai. Na ce masa sanyi ya fara, ina shirin zuwa a yi wa kaji rigakafin fakat, cutar nan da likitoci ke ce wa Niyukasil. Sai ya ce, "Haba Hajiya, ke da kike ba su garin Baba wata da watanni, ina fakat za ta gan su? Ki ƙara da madaci kawai, masu allurar nan kuɗinki suke so." Ya faɗa da ƙarfin gwiwa, ni kuma na ga abin da garin ya yi min a bazara, na ga kajina sumul-sumul, kuɗi kuma sun yi min wuya a watan, sai na yarda. Na sayi madacin na koma gida ban je rigakafin ba.

Tsakiyar Disamba na sayo wani jan zakara a kasuwa don in canza iri, na sake shi cikinsu a ranar. Kwana biyar tsakani shi ya fara, yana gyangyaɗi, yana buɗe baki yana jan numfashi da ƙara, kashi kore-kore da fari. Kafin in ankara abin ya bi akurkin kamar wutar daji. Wasu wuyansu ya murɗe suna kallon sama suna zagaye waje ɗaya, wasu da dare lafiya lau da safe gawa. Na dafa madaci, na ninka tafarnuwa, na ɗura musu da sirinji ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ɗaya na dare, ko gezau. Kaji 31 gare ni a lokacin, cikin kwana tara 14 sunka tafi, har da wata wake-wake da ta fi kowa iya reno, ita ta yi min ƙyanƙyasa huɗu. Ƙaramar ɗiyata ita ke ba ta tsaki kullum da safe, ranar da munka binne ta ko abinci yarinyar ba ta ci ba.

Dokta bai yi min faɗa ba, ya dai yi min bayani dalla-dalla. Ya ce fakat ƙwayar cuta ce ta bairos, in ta shiga babu maganin da ke kashe ta, ba ganye ba, ba kafso ba, ba allura ba, sai dai a ware marasa lafiya a taimaki masu sauran ƙarfi da ruwa da bitamin. Rigakafi kaɗai ke tare ta kuma kafin ta zo ake yi. Ya ce a ƙasar nan lokacin hunturu ta fi ɓarna, ga iska ga sanyi ga yawan kai-komon kaji a kasuwanni ƙarshen shekara. Kuma duk kazar da aka sayo a ware ta sati biyu kafin a haɗa da na gida, gawa kuma a binne da zurfi ko a ƙona, kar a jefar a bola kare ya ja ta zuwa gidan maƙwabci. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ya faɗi kuɗin rigakafin, wallahi na kajin duka bai kai kuɗin kaza ɗaya ba.

Da abin ya lafa na koma rumfar. Na faɗa wa Baba komai a gaban yaron, ban ɗaga murya ba amma hawaye sai da sunka zubo. Dattijon ya yi shiru ya daɗe, sannan ya juya ga yaron ya ce, "Yaushe ka taɓa jin na ce garin ga shina maganin fakat? Ni kaina kajin gidana ɗigon ido nike sa a yi masu." Ya ba ni haƙuri sosai, ya ce a zuba min gwangwani biyu kyauta, na ce a'a ba shi ya kawo ni ba. Na yarda ba da yawunsa yaron ya yi maganar ba. Amma na gaya masa, Baba rumfarka ce, duk abin da aka faɗa a cikinta da sunanka aka faɗa, kuma tun ranar farko da ka tambaye ni kalar kashin kajina ya kamata ka tambaye ni ko ina musu rigakafi. Ya ce gaskiya ne ɗiyata. Ni ma ina da nawa laifin, na san hanyar asibiti, na taɓa zuwa, na zaɓi maganar da ta fi min sauƙi a aljihu.

Don haka 'yan uwa mata musamman, ga yadda rigakafin yake don kar a ruɗe ku. Akwai wanda ake ɗigawa a ido, digo ɗaya kowace kaza, ana kiransa I-2, shi ya fi dacewa da kajin gida don ya fi jure zafi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin sa. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, shi kuma sai an kiyaye, a ɗauko shi cikin ƙanƙara, kar a haɗa da ruwan famfo mai kulorin don yana kashe shi, a ɗan hana su ruwa tukuna don su shanye cikin awa biyu. Ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu, kuma lafiyayyu ake yi wa. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, mu yanzu gida shida munka haɗa kuɗi a layinmu, rana ɗaya ake bi a yi wa kowa. Nan Sakkwato ba mu da uzuri, ga asibitin dabbobi na jiha ga na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ranar rigakafin ruwa da kwana ɗaya kafin nan ni ba na sa tafarnuwa ko wani abu a ruwan, zallansa nake ba su.

Wata magana kuma da ba ta shafi Baba ba amma ta daɗe tana cina: kafson nan ja da rawaya da ake fasawa a ruwan kaji duk sanda kaza ta yi atishawa. A daina don Allah. Ba ya taɓa fakat, kuma ragowarsa na zama a ƙwai da nama, yaranmu ke ci. Haka masu cewa kowane ganye lafiya ne tunda na Allah ne, tumfafiya da zaƙami da 'ya'yan zurman duk na Allah ne kuma guba ne, a nisanta su da inda kaji ke kiwo. Ita kanta tafarnuwa in an zabga ta kullum ba ƙaƙƙautawa sai an ji ta a ƙwai.

Shin zan ci gaba da sayen garin? E, ina saye har gobe. Kajin 17 da sunka rage sun murmure, ci ya dawo, biyu sun fara saka ƙwai a satin nan kuma gwaiduwar na nan yadda na san ta. Mai son kajinsa su ci su yi ƙiba su yi sheƙi, ko ƙwari sun dame shi, ya je, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Wanda ke da zogala a gida da turmi ma zai iya haɗa nasa, Baba ba zai hana ka sanin awon ba in ka tambaya. Ku je da safe kafin azahar lokacin shi ke zaune da kansa, ku kwance ƙullin ku shinshina a gabansa, a juye a kwalba mai murfi in an isa gida, kuma kar a sayi fiye da na wata ɗaya in damina ce.

Shekaranjiya da na je na tarar ya sa an rubuta wani kwali da ajami da boko an rataye jikin rumfar, wai garin ƙarin lafiya ne, a yi wa kaji rigakafi. Yaron ne ya auna min, gwangwani uku har da tozo, bai iya haɗa ido da ni ba. Rigakafinmu na gaba a watan Afrilu ne in Allah ya kai mu, na riga na zagaye ranar a kalandar da na rubuta awon garin a bayanta.